Yauƙin da Muka Riƙa Wankewa

Edmonton, London
14 ga Oktoba

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Abba da Najwa da duk mutanen gidanmu na Unguwar Rogo. Da fatan ciwon bayanki ya yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau.

Kin ce in kika kira ni ba na cewa komai sai "to" da "lafiya lau". Gaskiya ne. Da na ji muryarki sai maganar ta gudu. Shi ya sa zan riƙa rubutawa a takarda, in ɗauki hotonta da wayar Kaka in tura miki. Kaka ba ta karanta boko, don haka ba za ta san abin da na rubuta ba.

Flat ɗin a hawa na bakwai yake. Daga tagar kicin ana ganin jirgin ƙasa yana wucewa, ƙarami kamar na wasan yara. Baffa Sa'ad yana tuƙa bas, da sassafe yake fita, sai bayan magariba yake dawowa, ya ci abinci a tsaye. An sa ni a makaranta. Turancin littafi ina ganewa, amma na bakinsu da sauri yake fita. Akwai wata yarinya 'yar Ghana a ajinmu, Fausia, tana jin Hausa. Hausarsu ba ta raba mace da namiji: "kai" take ce mini, in tana maganar uwarta ma "shi" take cewa. Ban gyara mata ba. Ita ke magana, ni ina saurare.

Umma, ba a gaya muku gaskiyar ƙafar Kaka ba. Kafin in zo da mako uku ta miƙe ƙafarta ta hagu kusa da hita mai ɗumama ɗaki, barci ya ɗauke ta bayan azahar, gefen ƙaramin yatsanta ya ƙone ba ta ji ba. Ciwon suga ya kashe mata jin ƙafar. Yanzu wurin ya zama gyambo. Baffa ya ce irin wannan ne ya ci ƙafar yayanta har gwiwa. A gabanta ya faɗa, ta ce masa ya ci abincinsa.

Wata nas Baturiya tana zuwa Talata da Juma'a da ƙarfe huɗu. Tana yanka wani farin abu mai laushi kamar audugar da aka danne, ta ɗora a kan ciwon, ta naɗe da bandeji. Ta ce za ta iya kiran mai fassara ta waya, Kaka ta ce tana da jika da ta yi boko, ba ta son baƙo ya ji sirrin ƙafarta. Nas ɗin ta yi dogon bayani tana kallona. Na gaya wa Kaka abin da na iya.

Kaka "Mai Shiru" take kirana. Ta ce an aiko mata da jika don ta ɗebe mata kewa, sai ga shi an aiko mata da kujera ta biyu.

Ki gaida Abba. Ki ce wa Najwa ta ɗauki jakata mai ruwan hoda, na bar mata.

'Yarki,
Saudatu

Edmonton
19 ga Nuwamba

Ummata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya gida, yaya sanyin Jos? Na ji an fara haƙar dankali, Allah ya sa albarka. Na ga hoton Najwa da jakar.

A nan ƙarfe huɗu duhu yake yi. Azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa. Kaka ba ta iya riƙe alwala saboda sugan yana sa ta yawan shiga bayi, don haka kowace salla da sabuwar alwalarta. Tana zama a kan kujerar roba a bakin baho, ni ina zuba mata ruwa da buta. Ta azahar kaɗai take yi da kanta, ina makaranta.

Tun washegarin ranar da aka fara sa mata farin abin nan ta ce in kwance ta gani. Da na kwance, babu farin abin. Ya narke ya zama yauƙi, rawaya-rawaya, yana ɗan ƙarni. Kaka ta daɗe tana kallo. Ta ce mugunya ce, kuma ita ba za ta tsaya gaban Ubangijinta da najasa a ƙafa ba, shekara sittin ba ta taɓa yi ba. Na wanke mata da ruwan ɗumi da sabulu har wurin ya yi fes. Ta yayyaga wani tsohon farin mayafinta, muna naɗewa da shi. Tun ranar, kowace alwala sai an kwance an wanke.

Ranar da nas za ta zo, da na dawo makaranta sai in ɗauko sabon farin abin daga kwalin da ta bar mana, in ɗora, in mayar da bandejinta yadda ta naɗa. Kaka ta ce bai kamata baiwar Allah ta taso cikin ruwan sama saboda mu, ta tarar an yar da aikinta ba. Har shayi take sa ni in dafa mata.

Tana da wata rula ta takarda da take auna ciwon. A da santimita biyu ne. Yanzu uku da rabi. Ran Juma'a ta ɗaga farin abin ta juya shi, ta ce abin mamaki ne a ce kwana uku yana nan a bushe. Ta tambaye ni ko muna taɓawa. Kaka ta ce me take cewa, na ce tana tambayar ƙafa. Ta ce in ce mata alhamdulillahi, kuma ta sha shayinta kada ya huce. Na ce wa nas ɗin komai lafiya, mun gode.

Jiya Baffa ya ɗauki hutu muka je asibitin ƙafa. Likita ya ce in ba a ga sauƙi ba kafin sabuwar shekara, sai an yanke. Baffa ya ce daga ina. Likitan ya ce bai sani ba tukuna, ko yatsa, ko har idon sawu, ya danganta da inda abin ya kai. Ni ina kallon wani hoto a bango, na ƙafa da aka rubuta wa kowane ƙashi sunansa. Na karanta su duka. A bas Baffa ya riƙa share ido da hularsa. Kaka tana jan carbi. Ni ban ji komai ba, Umma. Da muka dawo na ci shinkafa har na ƙara.

Kada ki gaya wa Abba tukuna, Baffa ya ce shi zai kira shi.

Taki,
Saudatu

Edmonton
8 ga Disamba

Umma,

Ina miki sallama, da fatan kowa yana lafiya. Na gode da addu'ar da kika turo, na kunna wa Kaka ta ce amin sau uku. Wannan wasiƙar ki karanta ta ke kaɗai.

Ran Litinin malamin kimiyya ya shigo aji da bokiti. A ciki akwai ciyawar teku, doguwa, launin ƙasa, kamar belt ɗin fata da ya jiƙe. Duk ajin ya ɗauki ƙarni, yara suna toshe hanci. Ya ce a arewacin ƙasar nan ana noma ta a jikin igiyoyi cikin teku. Ba ta son taki, ba ta jiran damina, ba a sare daji don a yi mata gona. In za a girbe, sama ake yanka a bar gindin, sai ta sake fitowa. Na tuna Abba da maganar taki kowace shekara.

Ya ce muna cin ta ba mu sani ba. Tana cikin ayis kirim, tana cikin maganin ƙwannafi. Ana yin alewa mai danƙo da ita maimakon danƙon da ake samu daga fatar alade. Fausia ta ɗaga hannu ta ce ita ta riga shi sani, da wannan uwarta take yin alewar suna, kuma ta fito da busasshiyar daga jakarta, siririya kamar takarda, ta ba ni. Gishiri ne da ƙamshin kifi. Na cinye don kada ta ji ba daɗi.

Sai ya buɗe wata 'yar leda ya fito da farin abu mai laushi, ya ce a miƙa wa juna. Kafin ya iso teburina na gane shi. Ya ce wannan ma da ciyawar teku ake yi. Ya ɗora shi a faranti, ya ɗiga masa ruwan gishiri, muna kallo ya narke ya zama yauƙi. Ya ce aikinsa ke nan. Yana shan ruwan ciwo, ya zama yauƙi, yauƙin ya rufe wurin don sabon nama ya samu ya tsiro a ƙarƙashi. Sabon naman ba shi da ƙarfi. In ana yawan buɗewa ana gogewa, tafiya yake yi da ruwan wankin.

Fausia ta ce na yi fari kamar alli. Ban fita daga ajin ba. Na rubuta duk abin da ya sa a allo.

Umma, ga abin da ban gaya miki ba. Ranar farko nas ɗin ta ce kada a jiƙa, kada a buɗe. Na ji, kuma na gane. Ta ƙara wata magana a kan zai yi laushi, wannan ce ban kama ba. Amma biyun farko na gane su sarai. Na juya zan gaya wa Kaka, sai na ga ba zan iya buɗe baki in ce wa uwar Abba kada ta wanke ƙafarta ta yi salla ba. Sai na ce mata, wai a kula da shi. Mako bakwai da hannuna nake wanke maganin.

Talata da Laraba da Alhamis na ci gaba da zuba ruwa. Kowace rana ina shirya maganar a bas, in na shigo gida sai ta maƙale. Ran Juma'a bayan nas ta tafi, Kaka ta ce in kawo buta, magariba ta yi. Na shiga kicin na ɗauko ɗan farantin shayi da gishiri da ruwa, na yanko farin abin daga kwali, na durƙusa na ajiye a gabanta. Ta ce yau kuma girki za a yi mata a falo. Na ɗiga ruwan. Muka zauna muna kallo.

Da ya narke ta sa yatsu biyu ta ɗebo, ta ja shi ya yi zare. Ta shinshina. Ta ce, ashe karkashi suke zuba mini a ƙafa. Ta ce da me ake yi. Na ce ciyawar teku. Ta ce babu jini, babu alade? Na ce babu, ciyawa ce kawai, kuma yauƙin shi ne maganin.

Ta sa na kira mata malamarsu ta Islamiyya da ke unguwar Tottenham. Malamar ta ce Hajiya, ai shafa a kan bandeji ya isar miki, ko da mugunyar ce ma an yafe wa mai ciwo. Kaka ta ce ta san da shafa tun tana yarinya, amma ta ga tana da ruwa, tana da mai zuba mata, ina dalilin neman sauƙi. Malamar ta ce sauƙin ma Allah ne ya bayar.

Ranar ta wanke ƙafar dama, ta jiƙa hannu ta shafi bandejin hagu sau ɗaya. Bayan ta idar, tana kan dadduma, ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na kalli kafet. Ba ta sake tambaya ba. Ta ce in kashe hita, ɗakin ya yi zafi.

Ki yafe mini. Ban san ko zan iya gaya wa Abba ba.

Saudatu

Edmonton
21 ga Janairu

Ummata abar ƙaunata,

Gaisuwa gare ki da Abba da Najwa. Na saurari saƙonki sau da yawa. Kin ce in yi kuka in ya zo. Bai zo ba. Ban amsa kiranki ba don ban san me zan ce ba, ba fushi nake yi ba.

An canja mana nas tun tsakiyar Disamba. Sabuwar baƙa ce, gajera, mai tabarau. Tana shigowa ta ga tabarmar salla da buta, sai ta ce sannu Mama, yaya jiki. Kaka ta kusa faɗowa daga kujera. Sunanta Kaneng, 'yar Bukuru ce, shekararta goma sha ɗaya a nan. Kafin ta sa safar hannu sun yi gardama a kan gwate. Kaka ta ce Birom ba su san gishiri ba, ita kuma ta ce Hausawan Jos a wurinsu suka koya suka lalata da manja. Rabon da in ji dariyar Kaka tun zuwana.

Da ta buɗe ƙafar dariyar ta tsaya. Saman ciwon ya yi ja mai kyau, ya fara haɗewa daga gefe, kwana goma kacal da muka bar shi. Amma ƙaramin yatsan ya yi baƙi. Ta duba littafin awon tsohuwar nas, ta dube ni, ta ce ƙanwata, me ya faru a makonnin nan bakwai. Da Hausa ta tambaya, babu inda zan ɓuya. Na faɗa mata duka, da sabulun, da mayafin, da yadda nake mayar da bandeji ran Talata da Juma'a. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka ba. Kaka tana zaune tana ji. Da na kai wurin abin da nas ta farko ta ce, sai Kaka ta ce, ni na sa ta, ki rubuta haka.

Kaneng ta jira Baffa a ranar har ya dawo. Ta ce masa yaya za a ɗora wa yarinya 'yar shekara goma sha uku ƙafar kakarta a kai, ita da ko gaisuwa da ƙyar take ɗaga ido ta yi. Baffa ya sauya lokacin aikinsa na ran Juma'a.

An yi aikin ran bakwai ga wata. Ƙaramin yatsan kaɗai suka cire. Likita ya ce ƙashin da ke bayansa lafiya yake, ƙafar ta tsira. Baffa ya yi sujada a barandar asibiti, mutane suna ratsa shi. Ni na je na sayo wa Kaka ruwa a injin sayar da abin sha. Na daɗe a gaban injin, na manta lambar da zan danna.

Ramin da aka bari ma da farin abin nan ake cika shi. Yanzu in Kaneng ta buɗe, Kaka takan leƙa ta ce yaya miyar tawa, ta yi yauƙi? In ta yi sosai sai ta ce madalla.

Na raka Kaneng bakin lif ran Talata, na tambaye ta da ban wanke ba, da yatsan yana nan? Ta cire tabarau ta goge. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi mini ƙarya ta ce ta sani ba. Ta ce abin da ta sani shi ne da ban kawo farantin nan ba, da yanzu maganar gwiwa ake yi. Lif ya zo ta shiga. Na tsaya har ya sauka ƙasa ya dawo babu kowa.

Ki gaida kowa.

'Yarki,
Saudatu

Edmonton
Jajiberin Ƙaramar Salla

Umma,

Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadarmu. Yaya hidimar salla? Ki ce wa Abba na ji saƙonsa. Na san ke kika gaya masa, kuma na gode da bai ce komai a kai ba sai tambayar makaranta.

Ciwon ya rufe. Ran Talatar da ta wuce Kaneng ta ajiye rularta ba ta auna ba, ta ce babu abin aunawa. Sabuwar fatar siririya ce, tana ƙyalli. An ba Kaka wani takalmi mai faɗi, ta ce irin na masu zuwa duniyar wata ne, amma tana sawa. Saura farin abin guda biyu a kwali. Kaneng ta ce in kai wa malamin kimiyya, na kai, ban gaya masa dalili ba.

Yanzu in mun je asibiti akwai mai fassara ta waya. Duk da haka in mun fito Kaka takan ce, Mai Shiru, faɗa mini abin da ya ce, duka, har da wanda ba zan so ba. Nakan faɗa. Wani lokaci muryata ba ta fita sosai, sai ta ce in ƙara, ita ƙafa ce ta mutu mata, ba kunne ba.

Yau da hantsi ta ce a sa mata lalle. Kaneng ta yarda, amma a farce kawai, kada ya taɓa fata. Na tankaɗe wanda kika aiko, na kwaɓa a murfin kwalba da lemon tsami yadda kika koya mini. Ta miƙo ƙafafun a kan cinyata. Na fara da dama, ɗaya bayan ɗaya, biyar. Na koma hagu. Da na gama na huɗu hannuna ya tafi da kansa da lallen a tsinke, ya tsaya a inda babu komai.

Na yatsu goma na kwaɓa, Umma. Ban yi tunani ba.

Kaka ta gani. Ta karɓi tsinken daga hannuna, ta kama ƙaramin yatsan hannuna na hagu, ta shafa mini ragowar a farce. Ta ce kada in motsa sai ya kama. Muka zauna haka, ƙafarta a cinyata, hannuna a nata, jirgin ƙasa ya wuce sau biyu. A nan ne ya zo, abin da kika ce. Ban iya share fuska ba saboda lallen. Ita ta share mini da bakin mayafinta, tana cewa in yi a hankali kada in ɗiga mata a ƙafa, an ce ba a jiƙawa.

Ya kama sosai, ja har ya yi duhu. Gobe bayan idi zan kira ki. Zan yi magana.

Ki gaida Abba da Najwa da duk wanda ya tambaye ni. Kaka ta ce in akwai mai zuwa, a aiko mata da karkashi.

Ni ce 'yarki,
Saudatu